Ku Tambayi Malama: aikin gwajin ruwa na 'yan ƙaramar sakandare

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk akan abu ɗaya suka taru, wato aikin kimiyya da ake ba yara na gwada ingancin ruwa, da alama lokacinsa ne ya kama. Na ɗauko wasu na ɗan rage musu tsawo, waɗanda basu ga nasu ba suyi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Dan Allah 'yata ce 'yar aji biyu aka basu aikin gwada ruwa, babanta ya samo mata 'yar mitar nan kamar biro da ake tsomawa a ruwa ta nuna lamba, an rubuta TDS a jiki. Ruwan roba ya nuna 40, na famfo 310, na rijiya 520. Yanzu ta rubuta wai ruwan rijiya guba ne na roba shine lafiyayye, kuma wallahi ta hana kowa sakat a gidan. Gaskiya ne abin da ta rubuta? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya sannu da fama. Ki gaida min 'yar tamu kice tayi ƙoƙari wajen awo, amma hukuncin da ta yanke yafi ƙarfin abin da mitar ta gaya mata.

Kinga wannan mitar ba datti take gani ba, ba kuma ƙwayar cuta ba. 'Yan ƙarafa biyu ne a bakinta, tana tura wutar lantarki 'yar mitsitsiya daga ɗaya zuwa ɗaya ta cikin ruwan, in akwai narkakkun gishiri da ma'adinai da yawa wutar ta wuce cikin sauƙi lamba ta hau, in babu lamba ta sauka, shikenan aikinta. Galibin abin da ke ɗaga lambar nan kalsiyam ne da magnisiyam da sodiyam da danginsu waɗanda ruwa ke kwasowa daga ƙasa da duwatsu, shi yasa ruwan rijiya kusan kullum yake fin ruwan da aka tace a kamfani. Hukumar Lafiya ta Duniya bata ma sa wa TDS, wato jimlar abubuwan da suka narke a ruwa, wata iyaka ta lafiya ba, maganar ɗanɗano tayi, tace ƙasa da miligiram 600 a lita ruwa na da daɗin sha, in ya haura 1000 ne yake fara gundurar baki. Toh kinga 520 ɗin nan bai ma kai inda za'a yamutsa fuska ba. Ruwan teku dai wajen 35,000 yake, in tana son abin kwatance.

Amma kar ki ɗauka ina cewa ruwan rijiyar lafiyarsa ƙalau ne fa, a'a, mitar ce bata da ta cewa ko ta nan ko ta can. Ga lissafin da nake so ki zauna kiyi da ita. Iyakar dalma a ruwan sha a ma'aunin hukumar maikurogiram 10 ne a lita, wato 0.01 na miligiram. Ita kuwa mitar ɗaya-ɗaya take ƙirga miligiram. Ko da dalma ta ninka iyakar nan sau 50, rabin miligiram kenan kacal, mitar bazata ko motsa ba. Ruwan da ya nuna 40 zai iya zama da cuta, wanda ya nuna 520 ya zamo ba komai cikinsa sai ma'adinai.

In kina so ta gani da idonta ba sai an yi ta musu ba, ki samo tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba asid ɗin ba fa, ruwan zalla, mitar zata nuna sifili ko kusa da shi. Ki zuba a kofi biyu daidai wa daida. Ɗaya ki narkar da cokali guda na sukari, ɗayan ki ɗan barbaɗa gishiri da yatsu biyu. Na sukarin zaku ga lambar tana nan kusan inda take duk da ruwan yayi zaƙi, na gishirin kuwa sai ta yi tsalle ta haura ɗaruruwa. Sukari yana narkewa amma baya ɗaukar lantarki, gishiri yana rabuwa gida biyu masu caji shi yasa. Ni da itace, wannan zan mayar ainihin aikin nawa, taken ya zama me mitar TDS take gani me kuma bata gani, wallahi yafi a jera kwalabe uku ace wannan mai kyau wannan mara kyau. Jumlar ƙarshe kuma ta gyara ta zuwa: ruwan rijiya yafi sauran narkakkun ma'adinai. Iya nan awonta ya tsaya.

TAMBAYA: Malama ni malamin kimiyya ne, ajina yara sun haura 60, ɗakin gwaje-gwajenmu suna ne kawai ba kayan aiki. Ta yaya zan koyar da wannan darasin ba tare da na tsaya a allo ina ta surutu ba?

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri, tambayarka tafi kowacce yi min daɗi. Abubuwa uku zuwa huɗu zaka iya da robobin ruwa da aka shanye da sabulu da rula.

Fara da duhun ruwa, don shi yara suka fi saurin kamawa. A samu doguwar roba mai garai-garai, in an samu bututu mai tsawo yafi, a zana baƙin kuros mai kauri a farar takarda a ajiye a ƙarƙashinta. Yaro ɗaya yana leƙawa ta sama, wani yana tsiyaya ruwan a hankali, da zarar kuros ɗin ya ɓace yace tsaya, na uku ya ɗora rula ya karanta santimita nawa ruwan ya kai. Ruwan rafi bayan an yi ruwan sama zai iya haɗiye kuros ɗin tun bai kai tsawon yatsa ba, na famfo kuwa roba ta cika kana hango shi tar. Dabarar tsohuwa ce, wani limamin coci ɗan Italiya masanin taurari mai suna Angelo Secchi ne ya fara zura farin faifai a tekun Bahar Rum a 1865 yana auna zurfin da zai ɓace, har yau masu binciken tafkuna da sunansa suke kiran faifan. Ma'aunin da ƙwararru ke amfani dashi sunansa NTU, ana so ruwan sha ya kasance ƙasa da 1 in da hali, ido kuwa baya fara lura da duhun sai ya kai wajen 4. Abin da yasa aka damu dashi ba don kyan gani bane kawai, ƙwayoyin cuta suna laɓewa a jikin 'yan ɓurɓushin lakar nan, kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwa don kashe su, ya kasa kai musu.

Na biyu gwajin sabulu, don gane ruwan nan mai cin sabulu da baya kumfa, wanda ake kira ruwa mai tauri. A kankare sabulun wanka a narkar dashi a tataccen ruwa. Kar a ɗauko garin wanki ko ruwan wanke-wanke, su an haɗa su ne musamman don suyi kumfa a kowane irin ruwa, zasu ɓata maka gwajin. Kowane rukuni su zuba ruwa daidai adadi ɗaya a robobi iri ɗaya, a ɗiga ruwan sabulun ɗigo ɗaya, a rufe a girgiza sau goma, a duba, a sake ɗigawa, har sai kumfar ta tsaya rabin minti bata mutu ba. Yawan ɗigon shine sakamakon. Zaka ga ruwan sama da ɗigo kaɗan ya tashi fari fat, na rijiyar burtsatse wani lokacin sai dai yayi ta yin wani dusa-dusa a sama kamar an kaɗa alli, wannan kalsiyam ne da magnisiyam suka kama sabulun. Sannan ka sa su tafasa irin ruwan nan ya huce su maimaita. In ɗigon ya ragu, toh irin taurin da tafasa ke saukarwa ne, shine farin ɓawon nan da ke manne a gindin butar dafa ruwa. Masana suna ɗaukar ƙasa da miligiram 60 a lita a matsayin ruwa mai laushi, sama da 180 mai tauri sosai, kai dai bazaka samu wannan lambar da sabulu ba amma zaka jera ruwan daga na farko zuwa na ƙarshe, kuma ya isa.

Sai pH, ma'aunin tsami da kishiyarsa, wato ɓangaren kanwa. Jan kabeji ake yankawa a jiƙa a ruwan zafi a tace, ruwan ya fito shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda. In ya haɗu da abu mai tsami ya koma ja, in ya haɗu da bakar hoda ta soda ya koma shuɗi zuwa kore. Yara suna son wannan sosai har ihu suke, amma in faɗa maka gaskiya tun yanzu kar kaji kunya a gaban aji, ruwan sha kusan duk tsakanin 6.5 ne da 8.5, kuma a wannan tazarar launin kabejin ɗan bambancinsa kaɗan ne. Don haka ka ajiye ruwan lemun tsami a gefe guda, ruwan bakar hodar a ɗaya gefen, su zama iyaka, sai a jera sauran a tsakiya a kan farar takarda.

In da sauran lokaci a ɗiga cokali guda na kowane ruwa a baƙin faranti ko gilashi a shanya a rana, abin da ya rage bayan ya bushe shine TDS ɗin da Hajiya ta tambaya a sama, ba mita ba batir.

Ka raba su rukuni-rukuni, amma kowane rukuni ya gwada duka ruwan, a rubuta a allo, inda lambobinsu suka saɓa nan darasin yake, ka tsaya a wurin ka tambaye su me ya jawo.

TAMBAYA: Anti Malama ina yini. Ni na haɗa matatar ruwa da roba, na sa tsakuwa da yashi da gawayi da auduga, na zuba ruwan kwata ya fito fari tas. Ina so ranar baje koli in sha a gaban alƙalai don su yarda yana aiki. Abokina yace zan ci na ɗaya. Ɗalibi ɗan aji uku.

AMSA: Ɗana kar ka kuskura. Ko kurɓa ɗaya. Shi abokin naka ma kace nace kar ya sha, kuma duk alƙalin da ya san aikinsa maki zai rage maka in ya ga ka kai kofin nan baki.

Matatarka tayi aiki, ban hana ka wannan ba, ta cire laka da ɓurɓushi, gawayin kuma ya rage wari da launi. Amma bakteriya irin su E. coli tsawonta maikuromita 1 zuwa 2 ne, wato ka raba milimita ɗaya gida 1000 ka ɗauki ɗaya ko biyu, ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin yashinka a wurinta ƙofar gari ce a buɗe. Bairos kuma ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Matatun yashi na gaske da ke rage ƙwayoyin cuta sai sun yi makonni ruwa na bi ta cikinsu a hankali kafin wani abu mai rai mai santsi kamar gansakuka ya tsiro a saman yashin, shine ke cinye ƙwayoyin, kuma duk da haka ana bin ruwan da kulorin. Taka ta jiya da yamma bata da wannan.

Bari in baka labari biyu ka sa a allon baje kolinka. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho a Landan, mutum sama da 600 suka mutu, wani likita John Snow ya bi gida-gida yana tambaya har ya tabbatar duk abin ya kewaye famfon titin Broad ne, daga baya ya zana shi a taswira. Da ya ɗebo ruwan ya duba, da farko bai ga wani dattin a zo a gani ba, mutane ma son ruwan famfon suke, har akwai wata dattijuwa da ta ƙaura unguwa mai nisa amma kullum sai an kai mata shi a kwalba saboda ɗanɗanonsa, ita ma ta rasu. Sai da aka cire hannun famfon. Na biyu a Bangaladash, daga shekarun 1970 aka yi ta haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse don raba mutane da ruwan kududdufi mai sa gudawa, ruwa ya fito garau kowa na murna, sai a 1993 aka fara gano gubar asenik a cikinsu, daga baya aka ga da dama daga cikinsu suna da ita, bata da launi bata da wari bata da ɗanɗano. Daga baya sai fenti aka bi ana shafa wa famfunan, ja kar a sha, kore a sha.

Abin da zai baka na ɗaya shine lamba. Auna duhun ruwan kafin da bayan tacewa da dabarar kuros ɗin da na faɗa wa Malam. Sannan ka haɗa matata uku, komai iri ɗaya sai abu guda, misali kaurin yashi, wannan santimita 5, wannan 10, wannan 15, ka auna haske ka kuma auna minti nawa ruwan ya ɗauka kafin ya sauko. Zaka ga wadda tafi tacewa ita tafi nawa, toh wannan cinikin tsakanin sauri da tsafta shi injiniyoyin ruwa ke fama dashi kullum. Kuma ka daina taɓa ruwan kwata da hannu, sa safar hannu, ko ma ka dama ƙasa mai tsafta a ruwan famfo ka samu ruwan lakarka, yafi ma don kullum zaka iya haɗa iri ɗaya.

TAMBAYA: Malama 'yan takardun gwajin pH ne, ruwa ɗaya na gwada da safe ya bani 6.5 da yamma 7.5, ƙanwata kuma tace ita 7 take gani. Takardun ne jabu? Wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata ba lallai bane. Ruwa baya tsami banza, kuma baya sakin tsamin banza. Ruwan da aka ɗebo daga ƙarƙashin ƙasa yakan zo da iskar kabon dayoksaid a narke, ita ke ɗan ja shi ɓangaren tsami, in ya wuni a buɗe iskar ta fice sai pH ya hau. Tataccen ruwa kuma akasin haka yake yi, ya sha iskar daga sarari ya sauko ƙasa da 7, dalilin kenan da yasa ruwan sama mai tsafta ma wajen 5.6 yake. Shi yasa pH da kulorin a bakin famfo ake gwada su nan take. Kuma kar ki raina tazarar 6.5 da 7.5, ma'aunin nan da Søren Sørensen ɗan Denmak ya fito dashi a 1909 kowane mataki ɗaya ninki goma ne.

Sauran kuma na hannu ne da ido. Ki bi daƙiƙun da aka rubuta a jikin kwalin da agogo, in ya wuce launin yana ci gaba da sauyawa. Ki karanta a hasken rana ba ƙarƙashin kwan lantarki ba, kar ki taɓa kan takardar da jiƙaƙƙen yatsa, ki rufe gwangwanin da sauri don danshi na kashe su, ki duba ko sun daina aiki. Kwalbar ɗiban ki ɗauraye ta sau uku da ruwan da zaki gwada. Kowane ruwa gwaji uku, ki rubuta duka ukun har wanda bai miki daɗi ba. Batun ƙanwarki kuwa amfani zata miki, ki sa wa kwalaben A da B da C ki bata ta karanta bata san wanne ne wanne ba, don wanda ya riga ya tsani ruwan rijiya idonsa ma sai ya taya shi.

TAMBAYA: Yarona ya ga a intanet iyakar naitiret 50, a jikin kwalin gwajinsa kuma an sa 10. Wanne ne daidai? Wani uba.

AMSA: Alhaji duka biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna naitiret ɗin gaba ɗayansa, miligiram 50 a lita. Amurka kuma naitirojin ɗin da ke cikinsa kawai take ƙirgawa, 10, wanda in ka juya shi ya kama wajen 44. Ya duba wanne kwalinsa ke nufi ya rubuta a rahoton. Naitiret daga takin zamani da masai da kashin dabbobi yake tsiyayowa, jarirai 'yan ƙasa da wata 6 yafi yi wa illa don yana hana jininsu ɗaukar oksijin har fatarsu tayi shuɗi-shuɗi. Tafasawa bata cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take tunda ruwan ne ke tafiya a tururi shi yana nan. Haka dalma, haka asenik.

TAMBAYA: Malama toh in duk waɗannan basa nuna ƙwayar cuta, ba yadda yara zasu gwada ta kenan? Ni 'yata tana so ta shuka ƙwayoyin a faranti kamar yadda ta gani a bidiyo. Wata uwa kuma ma'aikaciyar jinya.

AMSA: 'Yar uwa ke kin fi ni sanin abin da ke tsirowa a farantin nan. A gida dai ban goyi baya ba, don ƙwaya goma da ke cikin ɗigon ruwa kwana biyu sun zama miliyoyi, kuma baki san wacece kika yi wa kiwo ba. Ko a makarantun Ingila ƙa'idarsu kar zafin ya wuce digiri 25, don kar a yi wa masu son zafin jikin mutum gata, kuma farantin a manne yake da salatif ba'a buɗewa.

Akwai hanya mafi sauƙi da wasu masu bincike a Indiya suka fito da ita a 1982, 'yar kwalba ce da takarda a ciki mai ɗauke da abincin ƙwayoyin da sinadarin ƙarfe. A cika ta da ruwan zuwa layi, a ɗaure murfi, a ajiye a ɗaki inda rana bata bugu, in akwai irin bakteriyar da ke fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai sai ruwan ya koma baƙi ƙirin cikin awa 24 zuwa 48. Ba'a buɗewa ko kaɗan. Sai dai ishara ce kawai, wasu ƙwayoyin ƙasa da basu da alaƙa da bayan gida suma suna baƙanta ta, don haka abin da zata rubuta shine akwai alamar gurɓata, a kai babban ɗakin gwaji. Can ne ake neman E. coli kanta, kuma ƙa'idar ruwan sha ita ce kar a samu ko ɗaya a mililita 100.

Ta haɗa da kwalba ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce a rufe, in ita ma ta yi baƙi toh hannu ko murfi ne ya ɓata aikin, sai a sake. Samfurin kuma kar ya kwana, a sa shi cikin 'yan awanni da ɗebowa. In an gama ke zaki karɓi kwalaben da safar hannu, ki buɗe su a waje a nutse cikin bokitin ruwan bilic su kwana, sannan a zubar a masai, ita aikinta ɗaukar hoto safe da yamma da rubuta awa nawa kowacce ta ɗauka kafin ta juya.